Kwaɗon Bindiga da Alhakin Mai Ita

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci rai, Ya girmama shi, Ya haramta a taɓa shi ba da hakki ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani magidanci ya yi mini a zaure bayan sallar isha'i, kwana uku da rufe ɗiyarsa. Mutumin manomi ne daga wani ƙauye da ke arewacin Tawa, ta wajen hanyar Abalak, kuma yakan taɓa farauta idan rani ya yi. Yana da wata bindigar farauta da ya gada wurin mahaifinsa, wadda shekara da shekaru take jingine bayan ƙofar ɗakinsa, ɗure da harsashi, saboda dila da ɓarayin awaki. Ranar kasuwa ya fita da sassafe, uwargida ta tafi rijiya, sai ɗansa mai shekara 11 ya ɗauko bindigar yana kwaikwayon sojojin da yake gani a wayar salula, ya nuna ƙanwarsa mai shekara 6. Kafin a samu motar da za ta kai ta gidan likita, rai ya yi halinsa.

Ya ce mini: "Malam, kowa ya zo gaisuwa sai ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yi haƙuri. Amma ina so ka gaya mini tsakaninka da Allah, wa ya kashe yarinyar nan? Yaron da bai san komai ba, ko ni da nake kasuwa ina cinikin tunkiya?"

A daren nan ban tsawaita masa ba, domin mai sabon rauni ba a murza masa gishiri. Daga baya ya dawo muka zauna, kuma shi da kansa ya ba ni izinin in rubuta abin da muka tattauna ba tare da ambaton sunansa ba, ko Allah Ya sa wani gida ya tsira. Tambayar da za mu duba ke nan: shin mutum yana ɗaukar alhakin harbin da ba shi ya yi ba, idan bindigarsa ce ta tashi? Kuma idan akwai abin da zai iya kulle ta da shi, shin yin haka zaɓi ne ko wajibi?

MENE NE KWAƊON BINDIGA?

Da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin cewa bindiga tana da kwaɗo ba, don haka ya kamata mu fara da bayaninsa. Iri uku ne suka fi yaɗuwa. Na farko ƙarfe ne mai ɓari biyu da ake haɗawa a kan kunamar bindiga, a kulle da mabuɗi ko da lambobi, yadda yatsa ba zai kai gare ta ba; shi wannan ba a sa shi sai an zare harsashi, domin wajen sa shi ko cire shi ana iya taɓa kunamar. Na biyu igiyar ƙarfe ce, irin wadda ake ɗaure keke da ita, ana zura ta ta mazaunin harsashi ta fito ta ɗaya gefen, a kulle bakinta. Muddin tana ciki, harsashi ba shi da wurin zama kuma bindigar ba za ta rufu ba. Na uku akwatin ƙarfe ne da ake ajiye bindigar a ciki gaba ɗaya, harsashi kuma a kulle shi wani wuri dabam.

Ƙasar da aka fi yin maganar waɗannan abubuwa ita ce Amurka. Wata cibiya da ke Janeba, mai suna Small Arms Survey, ta ƙiyasta a shekarar 2018 cewa bindigogin da ke hannun fararen hula a duniya sun kai miliyan 857, kuma miliyan 393 daga cikinsu suna Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A shekarar 2020 harbin bindiga ya zarce haɗarin mota, ya zama abin da ya fi kashe yara da matasan ƙasar. Tun shekarar 2005 dokarsu ta wajabta wa mai shagon bindigogi ya haɗa wa duk wanda ya sayi ƙaramar bindiga da kwaɗo ko wani abin ajiya mai kulle.

Daga nan masu ƙira suka ƙara taki ɗaya, suka ce me zai hana a sa kwaɗon a cikin jikin bindigar, yadda ba za ta tashi ba sai a hannun mai ita? Wannan ita ce wadda suke kira bindiga mai wayo, ni kuwa na fi son in kira ta bindigar da ta san hannun mai ita. Tun cikin shekarun 1970 aka ƙera wata wadda ba ta harbi sai mai riƙe da ita yana sanye da zobe mai maganaɗisu. Daga baya wani kamfanin Jamus mai suna Armatix ya fito da wata da ake haɗa ta da agogon hannu: idan agogon ya yi nisa da ita fiye da santimita 25, wato ɗan abin da ya ɗara taƙi ɗaya, sai ta ƙi tashi. A shekarar 2023 kuma kamfanin Biofire na jihar Colorado ya bayyana tasa, wadda take duba zanen yatsa da fuskar mai riƙe da ita, tana kulle kanta da zarar ya ajiye ta. Kuɗinta na farko a wancan lokaci dalar Amurka 1,499 ne, wato sama da jika 800 na sefa.

Mai karatu zai zaci da jin wannan labari kowa ya yi murna. Ba haka aka yi ba. A shekarar 2000 kamfanin Smith & Wesson ya yi yarjejeniya da gwamnatin Bill Clinton cewa zai riƙa sa kwaɗo a bindigoginsa, kuma zai yi aikin ƙera irin wannan sabuwar bindiga. Masu sayen bindigogi suka ƙaurace wa kayansa, cinikinsa ya faɗi, har a shekarar 2001 aka sayar da kamfanin kan dala miliyan 15, alhali masu shi sun saye shi kan miliyan 112 a shekarar 1987. Jihar New Jersey ta yi doka a shekarar 2002 cewa idan irin wannan bindiga ta shiga kasuwa, bayan shekara uku ba za a sake sayar da wata ƙaramar bindiga a jihar ba sai irinta. Tsoron wannan doka ya sa a shekarar 2014, da wani mai shago a jihar Maryland ya ce zai sayar da ta Armatix, aka yi masa barazanar kisa har ya janye. Sai a shekarar 2019 aka sassauta dokar. Na kawo wannan ne domin mu ga cewa ƙera kwaɗo ya fi sauƙi a kan sa ɗan Adam ya yarda a kulle masa abin da yake ganin shi ne ƙarfinsa.

LADABIN MAKAMI A WURIN MAGABATA

To, mu da ba mu da waɗannan kamfanoni, me muke da shi? Muna da abin da ya riga su da ƙarni goma sha huɗu. A zamanin Manzon Allah (S.A.W.) babu bindiga, amma akwai takobi da mashi da kibiya, kuma bai bar mutane su riƙe su yadda suka ga dama ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya dunƙule tsininsu da hannunsa, don kada ya yanki wani Musulmi. Sun ruwaito kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, ya ba da dalili cewa mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. A ruwayar Muslim an nuna cewa mala'iku suna la'antar mai yin haka, ko da wanda ya nuna ɗin uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hanin a miƙa wa mutum takobi a zare.

Mu lura da kyau, ya ƴan'uwa. A cikin waɗannan ruwayoyi babu wanda aka ce yana da niyyar kisa. Mai kibau wucewa kawai yake yi, mai miƙa takobi kuwa wataƙila abokinsa yake nuna wa kyawun ƙira. Duk da haka an hana, saboda abin da ake tsoro shi ne kuskure, kuma kuskure ba ya neman izinin kowa. Wannan shi ne abin da malamanmu na Malikiyya suke kira toshe kafar ɓarna: abin da asalinsa halal ne ana hana shi idan ya zama ƙofa buɗaɗɗiya zuwa ga cuta. Kube kwaɗon takobi ne, kwari kuma kwaɗon kibiya ne. Kakanninmu a Adar da maƙwabtanmu Buzaye na Azawak sun san haka, shi ya sa ba za ka ga dattijo ya rataye takobi tsirara a ɗakin da yara ke shiga ba. Abin mamaki, mun gaji wannan ladabi a kan takobi, wanda yaro ba zai iya kisa da shi ba sai da ƙarfi da kusanci, amma muka manta da shi a kan bindiga, wadda ɗan yatsa ɗaya ya ishe ta daga nesa.

Akwai kuma ladabin dare. Wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, da aka ba Annabi (S.A.W.) labari sai ya bayyana cewa wuta abokiyar gaba ce, ya yi umarni a kashe ta idan za a kwanta. Haka ya yi umarni a rufe ƙofofi, a rufe ƙorai. Bindiga mai harsashi a ciki wuta ce da aka naɗe cikin ƙarfe, kuma wanda ya bar ta a buɗe ya fita, kamar wanda ya bar garwashi ne kusa da dannin kara.

ALHAKIN ABIN DA KA MALLAKA

Yanzu mu zo ga zuciyar tambayar. Malaman fiƙihu sun raba mai ɓarna gida biyu: wanda ya aikata da hannunsa, da wanda ya zama sanadi. Imamu Malik a cikin Muwaɗɗa ya yi bayanin cewa wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, ko ya ɗaure dabbarsa inda bai halatta ba, to shi ke da lamunin abin da ya halaka ta dalilin haka, ko da yana barci a gidansa lokacin da abin ya faru. A cikin littafin nan ne kuma aka kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azib, wadda ta shiga gonar wani mutum ta yi ɓarna. Hukuncin da aka yanke shi ne masu gonaki su tsare gonakinsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobin.

Babu wanda ya fi mutumin Adar fahimtar wannan hukunci. Kowace damina, daga Barmu har Kalfu, daga Keita har Tabalak, idan shanu suka kwana a gonar wani ba a kama saniya a kai ta gaban hakimi, mai ita ake nema. Ba wanda zai karɓi uzurin cewa "ai ba ni na ci hatsin ba." An san dabba ba ta da hankali, don haka hankalinta yana wuyan mai ita, kuma igiya da turke da shinge su ne shaidar ya sauke nauyinsa. To idan wannan shi ne hukuncin dabbar da ke cin zangarniya, yaya hukuncin ƙarfen da ke cin rai?

Game da yaron, shari'a ta sauƙaƙa masa. A mazhabarmu, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, gangancin yaro hukuncin kuskure gare shi. Ba a yi masa ƙisasi, diyya kuwa tana hawa kan danginsa na wajen uba. Diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Yadda za a zartar da wannan a kowace shari'a aikin alƙali ne. Amma wanda ya zo zaurena ba diyya ta dame shi ba, tunda wadda aka kashe ɗiyarsa ce, wanda ya harba kuma ɗansa ne. Abin da yake tambaya shi ne matsayinsa a gaban Allah.

Ko dokokin mutanen da ba su karanta Muwaɗɗa ba sun fara isowa wannan matsaya. A watan Nuwamba na shekarar 2021 wani yaro mai shekara 15 ya harbe ɗalibai huɗu a makarantarsu a jihar Michigan, da bindigar da mahaifinsa ya saya kwanaki kaɗan kafin nan. A shekarar 2024 kotu ta sami uban da uwar, James da Jennifer Crumbley, da laifin kisa ba da niyya ba, ta ɗaure kowannensu shekara 10 zuwa 15, kuma daga cikin hujjojin akwai rashin tsare bindigar daga hannun yaron.

SHIN BA ƘADDARA BA CE?

Ƙaddara ce, babu shakka. Babu ran da ke fita sai da ajalinsa, kuma wanda ya yi shakkar haka ya taɓa imaninsa. Amma kalmar ƙaddara tana da wuri biyu. Idan an faɗe ta bayan musiba domin sanyaya zuciyar wanda aka yi wa rashi, ta zauna a wurinta. Idan kuwa an faɗe ta kafin musiba domin a guje wa sayen kwaɗon jika ɗaya, to an mayar da ita mafakar kasala. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma wanda ke faɗin haka shi ne kuma yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, yana ɗaure babur ɗinsa da sarƙa a ƙofar masallaci. Bai taɓa cewa idan an ƙaddara sata za a yi ba, don haka bari ya bar shagon a buɗe. Ashe mun san amfanin kwaɗo idan dukiya ce. Sai a kan rayukan ƴaƴanmu ne muke tuna tawakkali.

Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Annabi (S.A.W.) ko ya ɗaure taguwarsa ya dogara ga Allah, ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi ya haɗa biyun, ɗauri da dogaro. Sayyidina Umar (R.A.) kuma, da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke can, sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (R.A.) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kai raƙumansa, da ƙaddarar Allah ya kai su. Wanda ya kulle bindigarsa da wanda ya bar ta a buɗe duk suna cikin ƙaddara, sai dai ɗaya za a tambaye shi, ɗaya kuwa ya sauke amana.

UZURIN MUTANEN AREWA

Akwai wata magana mai nauyi da nake ji daga ƴan'uwanmu na Tiliya da Tasara da Cintabaradan, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba a ji ta ba. Suna cewa: "Malam, kai kana cikin Tawa kusa da bariki. Mu idan mahara suka zo cikin dare, kafin mu lalubo mabuɗi an gama da mu." Wanda ya san abin da ya faru ranar 21 ga watan Maris na shekarar 2021, lokacin da ƴan bindiga a kan babura suka afka wa Intazayan da Bakorat da Wistan, gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137, ba zai raina wannan tsoro ba. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu.

Amsata gare su kashi uku ce. Na farko, ba a ce mai gadi ya kulle makaminsa yana bakin gadi ba. Ƙa'idar ita ce makami yana da wuri biyu kawai: ko yana hannun baligi mai hankali da idonsa biyu, ko yana kulle. Abin da ake hani shi ne wuri na uku, wato bayan ƙofa, ƙarƙashin katifa, jikin rumbu, inda ba hannu ba kwaɗo. Na biyu, mu yi lissafi da gaskiya. Bindiga tana kwana a gida dubban darare. Daren hari wataƙila ɗaya ne, wataƙila ma ba zai zo ba, amma yara suna cikin gidan kowace safiya. Na uku, bindigar da aka san inda take jingine ita kanta tana jawo ɓarawo, kuma wadda aka sace daga gidan mutumin kirki yau, gobe ita za a tare hanya da ita. Mai ita ya saye ta don tsare iyalinsa, ta koma tana maraya da ƴaƴan wasu.

Kada wani ya fahimci maganata a matsayin kira ga tara makamai. Dokar ƙasarmu ba ta yarda farar hula ya riƙe bindiga ba sai da takardar izinin hukuma, kuma malamanmu sun hana sayar da makami a lokacin fitina ga wanda ake tsoron zai yi ɓarna da shi. Tun shekarar 1994 Nijar ta kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI. Bindigar da ba ta da takarda, mafi kyawun kwaɗonta shi ne a miƙa ta.

IYAKAR KWAƊO

Duk da abin da ya gabata, kada mu ɗora wa ƙarfe abin da ba zai iya ɗauka ba. Bindigar nan mai duba yatsa tana aiki da batir, mu kuwa ƙasarmu ta ƙura ce da zafi, kuɗinta kuma ya fi abin da manomi ke samu a damina. A shekarar 2017 wani masanin kwamfuta ya nuna a bainar jama'a cewa ana iya yaudarar ta Armatix da maganaɗisun da kuɗinsa bai kai jika goma ba. Sannan ko da an gyara duk wannan, sabbin bindigogi kawai zai shafa, alhali kalashi ɗaya tana iya yin shekaru da dama tana aiki, tana wucewa daga hannu zuwa hannu, daga ƙasa zuwa ƙasa.

Tarihin yankinmu ya isa shaida. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu na shekarar 1990, tawaye ya ɗauki shekaru, har aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilu 1995, ranar da muke tunawa kowace shekara. Ranar 25 ga Satumba 2000 aka tara bindigogi fiye da dubu a Agadas aka cinna musu wuta a gaban jama'a. Sai ga shi a shekarar 2011, da gwamnatin Kaddafi ta faɗi, rumbunan makaman Libiya suka zauna ba mai tsaro, abin da ke cikinsu ya watsu cikin Sahara. Wannan ma labarin kwaɗo ne, sai dai na ƙasa guda: gida ɗaya ya bar ƙofarsa a buɗe, maƙwabta suna biya da jininsu. Don haka nasihar nan ta haɗa da masu kaki, soja da jandarma da ɗan sanda da ma'aikacin duwan da na gandun daji, duk wanda aka damƙa wa makamin hukuma ko mabuɗin ma'ajinsa. Wanda yake zuwa gida da bindigar aiki ya rataye ta a ƙusa tare da hularsa, ya sani yaransa ba su bambanta da yaran manomin nan ba.

Iyaka mafi girma kuwa ita ce wannan: bindigar da ta san hannun mai ita ba ta san zuciyarsa ba. Tana gane yatsansa ranar da yake cikin natsuwa, tana kuma gane shi ranar da fushi ya rufe masa ido. A Amurka fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa kowace shekara, su ne suke harbin kansu. A wurinmu kuma mun san lokacin kaka, kafin a saki gonaki, yadda cacar baki tsakanin manomi da makiyayi kan zama jana'iza cikin ɗan lokaci kaɗan. Babu na'urar da za ta hana wannan sai tsoron Allah. Amma ko a nan kwaɗo yana da wani amfani da ba a cika lura da shi ba, wato jinkiri. Sunna ta koyar da mai fushi ya zauna idan yana tsaye, ya yi alwala, ya nemi tsari, kuma duk waɗannan hanyoyi ne na sa tazara tsakanin fushi da aiki. Mutumin da sai ya shiga ɗaki, ya nemo mabuɗi, ya buɗe akwati, ya je wani wuri ya ɗauko harsashi, ya samu dama huɗu ta tuna Allah. Wanda tasa take ɗure bayan ƙofa bai samu ko ɗaya ba.

ABIN DA YA WAJABA

Saboda haka, abin da ya bayyana gare ni shi ne kulle bindiga wajibi ne a kan duk wanda ke riƙe da ita a gidan da wani zai iya kai hannu gare ta, domin kiyaye rai wajibi ne, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Ba sai mun jira kayan Jamus ko na Amurka ba. Maƙeranmu da masu walda a Tawa suna ƙera akwatunan ƙarfe masu ƙwari, kwaɗo da sarƙa kuma suna kowace kasuwa. A zare harsashi kafin a shiga gida. A kulle bindiga wuri ɗaya, harsashi wani wuri. Mabuɗi ya zauna a jikin mai gida, kada a sa shi ƙarƙashin matashin kai, domin yara sun fi mu sanin maɓoyanmu. Wanda ya san yana cikin rigima da wani, ko baƙin ciki ya yi masa nauyi, ya kai mabuɗin wurin yayansa ko limaminsa har zuciyarsa ta sauka. Yin haka ƙarfin hali ne. A daina harbi sama a wurin biki, domin harsashin da ya hau sai ya sauko. A koya wa yaro cewa idan ya ga bindiga kada ya taɓa, ya je ya kira babba. Mata kuma suna da hakkin su nemi mazajensu su kulle, tunda su ne suke yini da yaran.

Shi kuwa ɗan'uwanmu mai tambaya, ga abin da na ce masa. Ba kai ka kashe ɗiyarka ba, ba ka yi nufi ba, ba ka harba ba, kuma kada ka bar Shaiɗan ya sa ka yanke ƙauna. Amma ba zan ce maka ba ka da komai ba, domin ka yi sakaci da amana, kuma sakaci zunubi ne da ke buƙatar tuba. Ƙofar tuba a buɗe take, rahamar Allah ta fi laifinka faɗi. Ka yawaita istigfari da sadaka. Sannan ka kula da yaron nan, domin shi ne wanda ya fi kowa rauni a gidanka yanzu. Kada ka bari a kira shi da abin da ya faru, kada a nuna shi da yatsa a rijiya ko a makaranta, kuma ka gaya masa da bakinka cewa nauyin yana wuyanka, ba nasa ba.

Ya yi kuka, ya ce tun ranar da abin ya faru yaron bai ƙara cin abinci tare da shi ba, shi ma bai iya duban fuskarsa ba. Na ce ya fara daga nan, yau ɗin nan, su ci a akushi ɗaya. Bindigar kuwa ya riga ya miƙa ta ga hukuma.

Ina roƙon limamai da masu wa'azi na Tawa da ƙauyukan Adar su ɗauki wannan magana zuwa mumbari, kuma duk wanda ya karanta ya duba bayan ƙofarsa kafin ya kwanta yau. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya jiƙan wannan yarinya, Ya sa ta zama mai ceton iyayenta, Ya sanyaya zuciyar ɗan'uwanta. Allah Ya tsare mana ƴaƴanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya kare mu daga zubar da jinin da Ya haramta, da gangan ko da kuskure. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, kuma Allah Shi ne Mafi sani.